Amsoshin Tambayoyinku: Kwance Sandar Sitiyarin Tsohuwar Mota

Mai gabatarwa: Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Yau wasiƙun sun karkata kan tsofaffin motoci, irin waɗanda masu su ke riritawa kamar ƙwai. Injiniya, sannu da zuwa.

Injiniya: Yawwa, sannunmu.

Mai gabatarwa: Ta farko: in zan taɓa sitiyari, dole sai na cire batir?

Injiniya: Dole. Wayar oda da ta sigina, a wasu motocin har da ta makulli, duk ta nan suka bi. A cire kan batir tukuna.

Mai gabatarwa: Ka ji. Wata baiwar Allah kuma ta ce oda na tashi da kanta in ta sha kwana, har maƙwabta sun ɗauka iyayi take.

Injiniya: Waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe, ko zoben da ke bayan sitiyarin ya ci. Ƙaramin gyara ne.

Mai gabatarwa: To ga wadda mutum huɗu suka aiko. Ɗaya ya ce ya kwance notin tsakiya, sitiyari ya ƙi fita, ya sa guduma a kan sandar, yanzu tana shiga tana fita. Haba malam! Guduma?

Injiniya: Ai ba laifinsa ba ne kaɗai. A da sandar ƙarfe guda ce miƙaƙƙiya, in aka yi karo sai ta taso wa direba a ƙirji kamar mashi. Kamfanin General Motors ya sa wa motocinsa na 1967 sanda mai lotsawa, daga 1968 kuma dokar Amurka ta sa sauran suka bi sahu. Kai, ita ma Volkswagen mai ƙirar kunkuru ta samu nata a lokacin, wani ɓangare mai kama da raga. Ni a ganina ba a taɓa yi wa direba gata irin…

Mai gabatarwa: Ranka ya daɗe, lokaci. Me gudumar ta ɓata?

Injiniya: Can na nufa. Sandar biyu ce, ɗaya cikin ɗaya, kuma a motoci da yawa wasu 'yan ƙusoshin roba ne ke riƙe su, an yi su ne don su karye ranar hatsari. Su kuwa ba su san bambancin hatsari da guduma ba. Ya karya su. Kada ya yi walda a wurin, in ya haɗe su ta koma mashin nan mai taso wa direba a ƙirji. Ya nemi wata sandar mai lafiya.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita wa na bayan gari da rediyonsu ke ƙara: ba guduma, ba walda. To yaya ake yi?

Injiniya: A miƙe tayoyi tukuna. A sa fenti a ja layi daga sandar zuwa jikin sitiyarin, don ya koma kan haƙoransa, in ba haka ba za ka riƙa tafiya miƙe sitiyari na kallon gefe. A sassauta notin amma a bar shi a bakin sandar. Na ga wanda ya fizge sitiyari ya tashi da haɓo. Sannan a ɗaura ƙarfen da ake zaro sitiyari da shi, a riƙa ɗaurewa a hankali har ya saki.

Mai gabatarwa: Sai a ci gaba da kwancewa?

Injiniya: Da haƙuri. A masu kulle sitiyari, irin na General Motors daga 1969, akwai faranti da sifirin mai ƙarfi ke turowa. Sai an danne shi da nasa ƙarfen kafin a zare zoben da ya riƙe shi. Bayansa sai makunnin sigina, sai boris na sama. Duk abin da ya fito a ɗauki hotonsa da waya, a jera shi kan tsumma bi da bi. Ƙwayoyin boris ɗin nan, ɗaya ta faɗi ƙasa, sai dai a yi ta rarrafe.

Mai gabatarwa: Wato layin fenti, noti a baki, hoto, sannan jeri. Kun ji, ku huɗun nan. Saura minti guda. Wani ya ce sitiyarinsa na wasa, ya kwance sandar?

Injiniya: A'a, ya leƙa ƙasa tukuna. Robar da ta haɗa sandar da akwatin sitiyari kan tsage, shi ma akwatin yakan saki. Wani ya girgiza sitiyarin, shi kuma ya duba inda motsin ke ɓacewa.

Mai gabatarwa: Mai tambaya kan kwance sitiyarin mota mai jakar iska, wato wadda ke kumbura ta kare direba in an yi karo, taka ba ta cikin tsofaffin nan, kuma abin na iya fashewa, ka kai wa wanda ya iya. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Injiniya, mun gode.