Gwajin na'urorin gargaɗin gobara a gine-ginen Damagaram

Assalamu alaikum. Iyayena da ƴan'uwana masu kula da ofisoshi da makarantu da ɗakunan ajiyar kaya, ina roƙon ku daina ɗaukar koriyar fitilar da ke ci a allon na'urar gargaɗin gobara a matsayin shaidar lafiyarta, domin abin da take nunawa kawai shi ne akwai wutar lantarki.

A cikin na'urar gano hayaƙi akwai ƙaramin haske da kuma ido mai lura da shi, idan hayaƙi ya shiga ya warwatsa hasken har ya faɗa kan idon, sai jiniya ta tashi. To, ƙurar hunturu ma tana yin haka, kuma mun san yadda take lulluɓe unguwannin Birni da Zango daga Disamba zuwa Fabrairu. Jiniya ta yi kuka sau biyu ba gobara, sai maigadi ya gaji ya cire batir ko ya ɗaure kan na'urar da leda, ginin ya zauna ba tsaro alhali kowa na zaton yana da shi. Ban ga laifin maigadin ba sosai, laifin na wanda bai sa an share ƙurar ba ne.

Danna maɓallin gwaji kowane wata wajibi ne, amma a gini babba bai wadatar ba. Aƙalla sau ɗaya a shekara ƙwararre ya fesa wa kowace na'ura hayaƙin gwaji na gwangwani, ba na ashana ko sigari ba, ya tabbatar allo ya nuna ɗakin da ya dace, sannan wani ya tsaya a ƙuryar ginin ya ji ko ƙarar ta isa can. Bayan haka a katse wuta da gangan a ga ko batir zai ɗauki nauyin, saboda zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana gajarta rayuwar batir ƙwarai.

A madafa a sa na'urar gano zafi maimakon ta hayaƙi. Na'urar gano hayaƙin da ta cika shekara 10 a sauya ta. Kowane gwaji a rubuta shi a rajista da kwanan wata, lambar ƴan kashe gobara kuwa, 18, a manna ta kusa da allon.