Madubi biyu, haske ɗaya: hirar intafiromita

Sani: Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Yau Hauwa ta matsa sai mun yi maganar intafiromita, ni ko sunan da ƙyar yake fita a bakina.

Hauwa: Sunan ne kawai mai ban tsoro. Hasken leza za ka haska kan wani gilashi mai raba shi gida biyu, rabi ya wuce rabi ya karkata, kowanne ya je ya bugi madubinsa ya dawo su haɗu, to da yake haske tafiyar igiyar ruwa yake yi, in tudu ya hau tudu sai haske ya ƙaru, in tudu ya faɗa kwari sai duhu, shi ne kake ganin layi-layi a allo.

Sani: Ado kenan.

Malam Bala: Wane irin ado, Sani! Ma'auni ne. Jar lezar da aka saba amfani da ita a ɗakin gwaji tsawon igiyarta nanomita 633 ne (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), ka matsar da madubi rabin wannan sai layi ɗaya ya wuce. Ƙirga layukan, ka san nisan.

Hauwa: Amma Malam wahalar fa, wani ya buga ƙofa ko ya jingina da tebur shikenan layukan sun hau rawa.

Malam Bala: Ai shi ya sa a 1887 a Cleveland ta Amurka, masana kimiyya Michelson da Morley suka ɗora kayansu kan ƙaton dutse, dutsen kuma yana yawo a kan zaiba. Wai ether suke nema, abin da ake zaton haske yana bi ta cikinsa, suka juya suka juya ba su ga komai ba.

Sani: Asara kenan.

Hauwa: Ina! Michelson ya karɓi Nobel a 1907. Kuma wannan dabarar ce LIGO, cibiyar kama girgizar sararin samaniya, ta faɗaɗa a Amurka, kowane hannu, wato hanyar da hasken ke bi zuwa madubi, kilomita 4, har ranar 14 ga Satumba 2015 suka kama girgizar karon baƙaƙen ramuka biyu, wato wuraren sararin samaniya da ko haske ba ya kuɓuce wa jansu, motsin da bai kai faɗin furoton ba, ɗan mitsitsin abin da ke tsakiyar ƙwayar zarra.

Sani: Tsaya tsaya, ya aka yi suka san ba wata babbar mota ce ta wuce ba?

Malam Bala: Na'urar biyu ce ai, ɗaya a Livingston ɗaya a Hanford, tsakaninsu wajen kilomita 3,000. Ta farko ta ji, bayan kamar milisakan 7, wato kashi 7 cikin dubu na daƙiƙa, ta biyun ma ta ji irinsa sak. Wace motar ce za ta yi wannan gudun?