Yadda ake auna halin saurin ji a jiki a tsakanin manya a Lituwaniya

Jama'a barkanku da warhaka. Kun san irin mutumin nan da hayaniya kaɗan ke gajiyar da shi, haske mai ƙarfi ya dame shi, kofi ɗaya na gahawa ya hana shi barci, kuma ya shigo ɗaki nan take ya gane wani na cikin damuwa tun kafin a yi magana? To masana halayyar ɗan Adam sun ce wannan hali ne da ake iya aunawa, ba cuta ba ce.

A 1997 Elaine Aron da mijinta Arthur Aron a Amurka suka fitar da tambayoyi 27, kowace ka ba ta maki daga 1 zuwa 7. Shin kana saurin firgita, shin kiɗa ko zane na taɓa ka sosai, shin yunwa na rikita maka tunani, irin waɗannan dai.

To ga inda aikin yake. Lituwaniya ƙasa ce a gaɓar tekun Baltik, mutanenta ba su kai miliyan 3 ba, suna da harshensu, kuma ba za ka ɗauko tambayoyin da aka tsara da Turanci ka miƙa wa mutumin biranenta kamar Vilnius ko Kaunas kawai ka ce ya cike ba. Sai an fassara, wani daban ya sake mayar da fassarar Turanci a ga ko ma'ana ta zame, sannan a bai wa manya da yawa maza da mata su amsa, a yi lissafi a ga ko tambayoyin suna tafiya tare, ma'aunin da ake kira alfa ana so ya kai kamar 0.7.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne sassan. A 2006 wata mai bincike mai suna Smolewska da abokan aikinta suka nuna tambayoyin sun rabu uku ne: saurin rikicewa idan abubuwa suka yi yawa, rashin jure ƙara da haske da wari, sai jin daɗin abu mai kyau har cikin rai. Dole a duba ko ukun nan sun fito a amsoshin 'yan Lituwaniya, sannan a tabbatar ba yawan fargaba ko kunya kawai ake aunawa ba, don gaskiya suna kama sosai, ita Aron ma cewa ta yi kusan kashi 30 cikin 100 na masu wannan hali mutane ne masu son shiga jama'a.