Amsoshin Tambayoyinku: Kalmomin Turanci Masu Rikita Kunne

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙun da muka zaɓo yau duk a kan kalmomin Turanci ne masu kama da juna wajen furuci.

Ta farko daga wata ɗaliba ce a Daura mai shirin jarrabawar WAEC. Ta ce malaminsu ya karanta "pull" da "full", ita kuwa abu ɗaya ta ji, har tsoron takardar gwajin furuci ya kama ta.

Ƙanwata, kunnenki lafiyarsa ƙalau. Harafin f na Hausa da leɓɓa biyu muke furta shi. Shi ya sa Bakano zai ce fari, mu a Katsina mu ce hwari, wani kuma ki ji kamar p ya faɗa, ma'ana ba ta motsa ba. Turanci kuwa ya raba su gida biyu. In za ki ce "full", wato cikakke, ɗora haƙoranki na sama a kan leɓen ƙasa, ki bar iska ta zurara. In "pull" ce, wato jawo, haɗe leɓɓanki ruf, sannan ki sake su farat ɗaya. Riƙe fallen takarda a gaban bakinki ki gwada, za ki ga "pull" ta bugi takardar. Da kin kama wannan, kin kama "vote" da "boat" ma, domin v a mazaunin f take, murya kawai ake ƙara mata. Kada kunya ta hana ki yi da ƙarfi a aji. Abubakar Tafawa Ɓalewa a Kwalejin Katsina ya yi karatu, ga shi Turancinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya.

Wani tela daga Funtuwa yana tambaya a kan "ship" da "sheep". Malam, ai kana rarrabe garin da ake zama da garin tuwo, ko da yake rubutunsu ɗaya. To ja wasalin "sheep", tunkiya ke nan. Gajarta shi, ka saki harshe kaɗan, ka sami "ship", jirgin ruwa. Haka "leave" da "live", barin wuri da zama a cikinsa.

Sai wasiƙar wani malamin firamare daga Ƙofar Ƙaura a nan cikin birni. Ya ce ya yi ta ƙoƙarin nuna wa yara bambancin furuci tsakanin "week" da "weak", da kuma "night" da "knight", abin ya faskara.

Allah ya gafarta Malam, ka huta, babu bambancin da za ka nuna. Furucinsu ɗaya ne ko a bakin mutumin Landan. A da can kam sun bambanta. Turawan Ingila suna furta k ɗin da ke farkon "knight", wato jarumi, kuma wasulan "week" da "weak" ba ɗaya ba ne. William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Ingila a 1476, daga nan rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya, baki kuwa ya ci gaba da sauyawa. Yaranmu sun saba da boko, inda kusan abin da ka ji shi za ka rubuta, dole abin ya ɗaure musu kai. Ni a ganina kuskure ne a yi musu shifta da kalma tilo. Sa ta cikin jimla, yaro ya ji ko maganar mako ake yi ko ta rashin ƙarfi, sannan ya zaɓi rubutun da ya dace.

Mai tambaya a kan "lose" da "loose" kuma, ta farko da sautin z take ƙarewa, asara ke nan, ta biyu da s, abin da ya yi sako-sako.

Lokaci ya ƙure mana. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.