Yadda Ake Shafa wa Intalok na Bakin Masbah Maganin Hana Shan Ruwa

Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Jidda. Darasinmu na yau ya shafi 'yan'uwa magina da masu gadin istiraha, wato gidan shaƙatawa, waɗanda ake ɗora wa kula da daɓen intalok da ke zagaye da wurin iyo, wato masbah. Za mu yi bayanin yadda ake shafa masa maganin nan da masu shagunan kayan gini suke kira azil.

Intalok siminti ne da yashi, kuma jikinsa cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Duk ruwan da yara suka fantsamo daga masbah yana ɗauke da kulorin, wani lokaci har da gishiri, sai ya shige waɗannan ƙofofi, rana ta busar da shi, gishirin ya zauna a ciki yana cin dutsen a hankali. Farin da kuke gani yana fitowa a saman sabon intalok kamar an barbaɗa masa alli, farar ƙasar da ke cikin siminti ce ruwa ya ɗauko zuwa sama, ta haɗu da iska ta daskare. Saboda haka idan yanzu aka shimfiɗa daɓen, a ba shi wata biyu zuwa uku ya gama fitar da wannan fari, domin duk abin da aka shafe da magani an rufe shi ke nan a ciki.

Maganin iri biyu ne, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure. Akwai mai yin fata a saman dutse, wanda yake ba da ƙyalli kamar an jiƙa wurin, shi ne mai gida yakan nuna da yatsa idan ya shiga shago. Akwai kuma mai nutsewa cikin dutsen, wanda ba ya sauya kamanninsa, amma yana hana shi shan ruwa tare da barin danshin ƙasa ya fita. Ni a bakin masbah na biyun nake zaɓa, domin mai ƙyalli idan ya jiƙe santsi gare shi, alhali masu tafiya a wurin yara ne da ƙafa ba takalmi, kuma da gudu suke yi. In mai gida ya dage sai mai ƙyalli, to a zuba masa garin hana santsi da ake sayarwa tare da shi, a riƙa juya bokitin akai-akai don kada garin ya kwanta a ƙasa.

Sai wanki. A kwashe kujeru da tukwanen fulawa, a share, a cire ciyawar da ta tsiro a tsakanin duwatsu, sannan a wanke da injin feshi irin na masu wankin mota, ana karkatar da bakinsa don kada ya tone yashin da ke riƙe da duwatsun, ana kuma kora ruwan nesa da masbah. Tabon mai, musamman inda ake gasa nama, sai an sa masa sabulun cire maiƙo an goge da burushi. Idan daɓen na farin dutse ne irin su tarabatin, kada a kusance shi da asid domin zai cinye fuskarsa, kuma ko da wasa kada asid ya haɗu da kulorin, saboda hayaƙin da suke fitarwa guba ne. Bayan wurin ya bushe a cike ramukan da busasshen yashi, a share ragowar tas.

Maganar bushewa ita ce zan ɗan daɗe a kai. A Riyad kwana ɗaya yakan isa, amma a Jidda iskar teku tana da laima, saman dutse zai yi kamar ya bushe alhali cikinsa da sauran danshi, don haka a ba shi kwana biyu ko fiye. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce: a yanki leda, a manne gefunanta huɗu a kan daɓen da salatif da yamma, a ɗaga da safe. In an ga raɓa a ƙarƙashinta, lokaci bai yi ba. Na taɓa yin aiki a wata istiraha a arewacin gari, mai wurin yana gaggawa saboda baƙin Sallah, muka wanke da safe muka shafa da la'asar. Bayan kwana uku rabin daɓen ya yi fari fat kamar an zubar da nono, sai da muka sayi maganin kankarewa muka koma farko, kuɗin ya ninka.

Yawancin kamfanoni suna rubuta a jikin galan cewa a yi aikin lokacin da zafi yake tsakanin digiri 10 zuwa 32, kuma kun san a bazara daɓen da rana ta duka yakan wuce haka nesa, har maganin ya bushe kafin ya shiga dutse. Ga kuma dokar da ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Mafi dacewa shi ne tsakanin Nuwamba da Fabrairu, bayan sallar asuba, a ranar da ba a sa ran ƙura ko ruwan sama.

A rufe bakin masbah da leda, a kashe famfon ban ruwan shuke-shuke, a fara gwadawa a wani lungu da ba a cika gani ba. A shafa da rola, a fara daga gefen ruwa ana ja da baya zuwa ƙofar fita, shafi marar kauri, kuma duk inda maganin ya taru a baza shi nan take. Shafi na biyu a bi abin da aka rubuta a galan, domin wani ana maimaita shi tun yana ɗanye, wani kuwa sai bayan wasu sa'o'i. Kada a taka wurin sai bayan awa 24, kujeru kuma su jira kwana biyu zuwa uku.

Duk shekara a zuba ruwa kofi ɗaya a kan daɓen a duba. In ya taru ƙwaya-ƙwaya yana gangarawa, maganin yana nan. In kuwa dutsen ya shanye shi ya yi duhu, to a fara shirin sabon shafi.