Mota Ɗaya, Fasinja Arba'in: Wa Ya Buɗe Shafin?

Bashir: To, mun dawo. Tambayar da ta cika mana waya satin nan ita ce ta ɗakin kwamfutar makaranta: ƙananan akwatunan NComputing arba'in a jikin saba ɗaya, wato babbar kwamfutar da ke yi musu aiki, rajistar intanet ta nuna an shiga shafin caca, an rasa wanda ya shiga. Injiniya, bismillah.

Hauwa: Ai dole a rasa, Malam Bashir. Akwatin nan allo ne da madannai kawai, burauzar can take aiki a kan saba. Kowa da adireshin IP na sabar, wato lambar da ake gane ta da ita, yake fita intanet. Kamar motar haya ce, mai tsaron hanya lambar mota yake gani, fasinja kuwa oho.

Auwal: Arba'in a mota ɗaya? Wannan ta Wudil ce ranar kasuwa.

Bashir: Biyu a gaba, uku a but, ga akuya a cinyar wani.

Auwal: Yaya Bashir, ni akuyar nake zargi da cacar nan.

Bashir: Ita kaɗai ce ba ta biya kuɗin mota ba.

Hauwa: Ku sauke akuyar nan don Allah. Abin da ake so kwandasta ne mai tambayar suna. Ka kafa furoksi, wato manhajar da ke tsakanin burauza da intanet, misali Squid, yana saurare a ƙofa (port) ta 3128. Burauza ta zo ba suna, ya mayar mata da 407, wato faɗi ko kai wane ne. Amma fa sai burauzar ta san da shi. Furoksin ɓoye, wanda ake karkatar da zirga-zirga ta kansa a asirce, ba ya iya wannan tambayar. Saboda haka ka sa adireshinsa ta Group Policy, wato tsarin Windows na sanya wa kowa saiti, ka kulle wurin kada yaro ya sauya. Sannan a fayawol, wato katangar da ke tace shiga da fita, ka toshe wa sabar ƙofofin shafukan intanet, ta 80 da ta 443, har da UDP 443, in ba haka ba Chrome ɗin da ba a sa wa furoksi ba ya zagaya ta QUIC, hanyar da ke bi ta UDP.

Auwal: Ke nan kowane yaro sai ya riƙa buga kalmar sirri?

Hauwa: A'a, Kerberos, tsarin tantance mai shiga, ke ɗauke wannan, sunan da ya shiga Windows da shi ake miƙawa. Abu biyu ke karya shi. In ka rubuta furoksin da lambar IP maimakon cikakken sunansa, ba zai yi ba. In agogon saba da na kwamfutar da ke kula da asusun domen suka saɓa da fiye da minti 5, shi ke nan, tagar kalmar sirri ta dinga faɗowa. Wanda ya fi ba ni haushi kuwa, wasu na'urorin tacewa suna haddace suna bisa IP. Malami ya fara shiga da safe, sai duka arba'in ɗin su zama malamin, komai a buɗe. A kashe wannan ga adireshin sabar.

Auwal: Akuya ta zama hedimasta.

Hauwa: Auwal! In kuma ba ka son furoksi, kamfanin fayawol na Palo Alto na da ɗan aike, wato ƙaramar manhaja, da ake sakawa a sabar, ya yanka wa kowane mutum ƙofofin fita 200, fayawol ya gane shi ta lambar ƙofa. Windows kuma tun Server 2008 R2 yake iya ba kowane zama IP nasa, sai dai DHCP ɗinka, mai raba adireshi, ya kasance da isassun adireshi.

Bashir: Masu Linux da LTSP, wato irin wannan tsarin na saba ɗaya a Linux, fa?

Hauwa: Da ident ake yi a ƙofa ta 113, Squid ya tambayi saba mai wannan haɗin. Squid 7 ya cire shi. Akwai iptables, fayawol ɗin Linux, da zaɓin uid-owner mai duba asusun mutum, ka tura ɗalibai wata ƙofar, malamai wata, amma wannan rukuni yake raba maka, suna ba zai fito a rajistar furoksi ba. Kuma duk wannan banza ne in yara goma suna shiga da asusu ɗaya mai suna student.

Bashir: Mun ce za mu taɓo HTTPS, tunda furoksi sunan shafi kawai yake gani...

Hauwa: Wannan sai an zauna, akwai maganar satifiket.

Bashir: Ga shi an kira la'asar. Sai wani satin. Auwal, kashe na'urar.

Auwal: A buɗe wa akuyar asusunta dai.