Amsoshin Tambayoyinku: Manjagarar Bokitin Tarakta da Aikin Sassabe

Masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko daga wani manomi take a Saminaka, jihar Kaduna. Ya ce ya samu saura wadda sabara da kalgo da ƙaya suka cinye, kuma taraktar ƙungiyarsu tana da bokiti a gaba. Yana so ya sani ko manjagarar da ake ɗaura wa bokiti za ta yi masa sassabe, kuma wace iri zai nema.

To Malam, za ta yi, amma aikinta tattarawa ne, ba tuge itatuwa ba. Iri biyu ne. Akwai jerin haƙoran ƙarfe da ake ɗaurewa a leɓen bokiti da noti. Ita ce mai araha, kuma maƙeran Panteka a Kaduna za su iya ƙera maka idan ka kai musu awon bokitin. Akwai kuma wadda ake cire bokitin ɗungurungum a sa ta. Wasu irinta har muƙamuƙi gare su mai damƙe kaya daga sama, sai dai wannan tana buƙatar ƙarin layin haidurolik, wanda ba kowace tarakta ke da shi ba.

Wajen zaɓe, dubi tsakanin haƙoran kafin ka dubi fenti. Ya kai kamar taƙi guda, domin ƙasa ta riƙa zubewa a baya, rassa da saiwoyi kaɗai su tafi. In haƙoran sun matsu, ƙasar sama mai albarka za ka kwashe ka jibge a gefen gona, ka dawo kana sayen taki. Faɗinta ya yi daidai da bokitin. Kada kuma ka ruɗu da mai nauyi: duk kilon da ta ƙara, an rage shi ne daga abin da hannuwan taraktar za su iya ɗagawa.

Ranar aiki, a fara sare manyan da adda da gatari, a bar su su sha rana. Sannan ka sa ƙaramar giya, haƙoran suna shafar ƙasa kawai, ka tura a miƙe. Idan haƙori ɗaya na gefe ya kama kututture, tsaya ka ja baya. Direbobi da yawa nan suke ƙara wuta, sai leɓen bokiti ya lanƙwashe ko hannun ya murɗe, kuma hannun da ya murɗe da wuya mai walda ya mayar da shi daidai. Kututture a haƙe shi da hannu, ko a jira katafila.

Wata baiwar Allah daga Funtuwa ta ce ɗanta ne ke tuƙi, tana tsoron hatsari. Hajiya, tsoronki na kan hanya. Kaya a gaba yana sa bayan tarakta ya yi sakayau, don haka ɗanki ya ɗaura haro a baya domin ya danne bayan. Ya riƙa tafiya da bokitin ƙasa-ƙasa, musamman a gangare, kada kuma kowa ya tsaya kusa, don reshen da ya tanƙwaru yana iya ɓallewa ya yi bulala. Ya riƙa share ganyen da ke toshe lagireto, ya kuma shirya wa faci, domin ƙayar aduwa ba ta jin kunyar tayar gaba.

Daga Maraɗi kuma an tambaye mu ko a share komai ƙaf. A'a, ku ne ma malamanmu a nan, tunda a yankinku aka fara rainon tohon kututture a gonaki tun shekarun 1980. A ɗaura wa gawo da sauran itatuwan da ake so tsumma mai launi kafin tarakta ta shiga, direba ya kewaye su.